Gani Ya Kori Ji? Tallan Gidaje a Intanet da Rabon Masu Buƙata ta Musamman

A garin Dagauda, idan mutum ya yi niyyar sayar da gona ko kango, ba ya neman kwamfuta. Zai shaida wa dillali, ko ya raɗa wa wani a ƙofar masallaci bayan la'asar, kafin isha'i labari ya zaga majalisu. Mai saye ya zo, a taka iyaka a gaban maƙwabta, a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama, a kira shaidu, mai unguwa ya sa hannu a takarda, dillali ya karɓi la'adarsa. Tun daga farko har ƙarshe baki ne ke aiki. Makahon da ke zaune a wannan majalisa bai rasa komai ba. Abin da kowa ya ji shi ya ji, sau da yawa ma ya fi masu ido riƙe wanda ya taya nawa, da wanda ya ce gonar na kwanta ruwa da damina.

Sai dai ɗan Dagauda ba a Dagauda kaɗai yake rayuwa ba. Yau ɗansa ya samu gurbi a Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare, ko jami'ar jiha da ke Gadau. Gobe jinya ta tsawaita a babban asibitin tarayya, ana neman ɗakin da za a kama kusa da asibiti. Jibi an yi wa wani canjin wurin aiki zuwa Bauchi ko Abuja. A nan ne yake cin karo da sabuwar kasuwar gidaje, wadda ta tashi daga bakin dillali ta koma fuskar waya. Dillalan birni yanzu a WhatsApp da Facebook da TikTok suke baje hajarsu, manyan kamfanoni kuma suna da shafukansu, irin su PropertyPro da Nigeria Property Centre da Jiji, inda ake jera gidajen Abuja da Legas da Kano kamar tumatir a faifai. Ita kanta gwamnatin tarayya, tun 2021 da ta tashi sayar da gidajen da ta gina a jihohi, shafin intanet ta buɗe ta ce a nema ta can.

Wannan sabuwar kasuwa ta ido ce. Hoton ƙofa, hoton falo, bidiyon dillali yana zagaya tsakar gida da waƙa a bayansa. Farashi da lambar waya ma galibi a cikin hoton ake rubuta su da jan launi. To, tambayar da ake jayayya a kanta ita ce: shin wajibi ne a tilasta wa masu wannan talla su tsara shi yadda makaho da kurma da gurgu za su amfana, ko kuwa wannan magana ce ta ƙasashen da suka ƙoshi, mu nan ana ta kai wa yake ta kaya?

Kafin a raba gardama, ya kamata a san yadda makaho ke amfani da waya, domin da yawa daga masu musun ba su taɓa gani ba. Kusan kowace babbar waya tana ɗauke da manhajar da ke karanta abin da ke fuskarta da murya. A wayoyin Android sunanta TalkBack, a iPhone kuma VoiceOver. A kwamfuta akwai JAWS ta kuɗi, akwai NVDA ta kyauta, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka ƙirƙiro. Mutum na shafa fuskar wayar da yatsa, ita kuma tana gaya masa inda yatsansa yake. Idan rubutu ne, ta karanta. Idan maɓalli ne mai suna, ta faɗi sunansa. Idan kuwa hoto ne wanda mai shafin bai rubuta masa bayani a ɓoye ba, iyakarta ta ce "hoto" ta yi shiru, ko ta yi hasashe sama-sama. Gida mai ɗaki uku da gida mai ɗaki ɗaya, a kunnen makaho duk sunansu ɗaya. Gyaran wannan ba sihiri ba ne. Akwai ƙa'idojin da ƙungiyar W3C, mai tsara dokokin fasahar shafukan intanet, ta fitar tun 1999, ta sabunta su a 2008 da 2018 da 2023. Abin da suka ƙunsa mai sauƙin fahimta ne: kowane hoto a ba shi bayani a rubuce, kowane bidiyo a sa masa rubutun abin da ake faɗa, kowane gurbi a fom a ba shi suna, launin rubutu ya bambanta sosai da na bango, kuma a iya ratsa shafin ba tare da dole sai an ga inda ake dannawa ba.

Masu cewa lokaci bai yi ba suna da hujjoji, kuma ba na raina su. Ta farko ita ce ta fifiko. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Dokar ta yanka tarar naira miliyan 1 ga kamfanin da ya nuna wariya, da naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga ɗaiɗaikun mutane. Ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara 5 su samar da hanyar keken guragu da sauran abubuwan da suka kamata. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Duk wanda ya zaga sakatariyoyi da bankuna da makarantu a garuruwanmu ya san matakala na nan inda take. Sai masu wannan ra'ayi su ce: ƙasar da ta kasa zuba siminti buhu biyu a ƙofar ofis, ita ce za ta bi shafukan intanet tana duba ko an rubuta wa hoto bayani? A fara da abin da ake gani da ido tukuna.

Hujja ta biyu ta fi ɗaci. Suna tambaya: wane ne mai sayen? Yawancin masu lalura a yankinmu talauci ya yi musu katutu. Da yawa ba su shiga aji ba, wasu bara ce ke ciyar da su, wayar da ke hannunsu ƙarama ce ta kira da tocila. Mutumin da ke neman na tuwon dare ba ya neman fuloti a intanet. Idan akwai kuɗin kashewa, in ji su, a sayi sanda da keke, a yi aikin yanar ido, a raba maganin amosanin ido, a biya wa yara kuɗin makaranta.

Ta uku kuwa daga dillalai take fitowa, kuma ita ce ta fi kama hankali. Za su ce maka: "Alhaji, wa ya taɓa sayen fili a hoto? Ko mai ido huɗu ne sai ya je ya taka." Ba a cinikin biri a sama. Matsalar ƙasa a Arewa ba ƙarancin bayani ba ce, rashin gaskiya ne: fili ɗaya a sayar wa mutum uku, filin awon igiya a ce na gwamnati ne, gidan magada a sayar ba da sanin sauran ba. Wanda zai yi maka ƙarya da hoto zai yi maka da rubutu, har ma ta fi sauƙi. Kariyar makaho, a ganinsu, tana wurin ɗan'uwa amintacce da zai je ya gano masa, da mai unguwar da ya san tarihin filin, ba a wurin wata murya da ke fitowa daga waya ba.

Akwai kuma masu nuna Amurka da yatsa a matsayin izina. Can dokar masu lalura ta 1990 ta zama tushen ƙararraki a kan shafukan intanet. Kamfanin Target ya amince a 2008 zai biya dala miliyan 6 don kashe ƙarar da ƙungiyar makafi ta shigar. Wani makaho mai suna Guillermo Robles ya kai kamfanin Domino's ƙara saboda ya kasa sayen abinci a shafinsu, a 2019 kotun ƙoli ta ƙi sauraron ƙorafin kamfanin. Ƙararraki suka zama dubbai a shekara, wasu lauyoyi suka mai da abin sana'a, wasu kamfanoni kuma suka fito suna sayar da manhajar da wai za a liƙa wa shafi ta gyara komai nan take. Ɗaya daga cikinsu, accessiBe, hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa shi biyan dala miliyan 1 a 2025 saboda zuzuta abin da manhajarsa ke iya yi. Masu adawa na cewa idan muka kwaso doka irin wannan, abin da za mu samu shi ne sabuwar hanyar tatsar ƙananan 'yan kasuwa, makaho kuwa yana nan inda yake.

Na saurari duk wannan, na yarda da kusan rabinsa. Amma akwai inda lissafin ya karkace, kuma gyaransa na farko ba daga Turai zan ɗauko shi ba, daga zaure zan ɗauko shi.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid, ya wuce babin ciniki, ya san malamanmu na Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya nan bisa sifa, wato a kwatanta shi kwatanci cikakke. Har ma an ware gida da ƙasa a cikin abubuwan da ba sa saurin canzawa, don haka ana iya biyan kuɗinsu kafin a gan su. A Muhtasar na Halilu kuma an halatta cinikin makaho, ya saya ya sayar, yana dogara da sifar da aka yi masa da abin da zai iya taɓawa ko shanshanawa. Shafi'awa sun fi tsanantawa, sun fi son ya wakilta wani. Mu dai abin da muka gada shi ne makaho cikakken ɗan kasuwa ne, sharaɗin kawai a sifanta masa abin yadda jahilci zai kau, kada ciniki ya zama garari. Idan kaya suka saɓa wa sifa, yana da damar fasawa. Ashe abin da masu kwamfuta ke kira bayanin hoto a ɓoye, tsohuwar magana ce da almajirai suka haddace tun kafin a haifi kakan wanda ya ƙirƙiro intanet. Dillalin da ya ɗora hoto tsura ba bayani, bai bi sabuwar ƙa'ida ba, bai kuma bi tsohuwar ba.

Wannan ya amsa wani ɓangare na hujjar dillalai. Gaskiya ne ana iya ƙarya a rubutu. Amma ƙaryar rubutu tana da wutsiya. Hoto ana ɗaukarsa ta kusurwar da tsagar bango ba ta fitowa, idan ka yi ƙorafi a ce ai ka gani da idonka. Wanda ya rubuta cewa fili ƙafa 50 ne a 100, yana da takardar gwamnati, kuma ba ya kan hanyar ruwa, ya ɗaure kansa da igiyar da za a iya ja a gaban mai unguwa ko alƙali. Ina zargin wasu ba wahalar rubutun suke gudu ba, wannan igiyar suke gudu.

Sai batun ɗan'uwa amintacce. Masu ido na faɗin wannan cikin sauƙi domin ba su taɓa zama dole sai da shi ba. A ɗauka ga wani malami makaho, mai albashi, ya tara kuɗi shekara da shekaru yana son sayen fuloti a Azare. Kafin ya san ko akwai fili a unguwar Matsango, da nawa ake sayarwa, dole ya miƙa wayarsa ga wani ya duba masa. Daga ranar, sirrin aljihunsa ya fita. Dangi sun san yana da kuɗi, ɗan jagora ya san iyakar ƙarfinsa, mai yiwuwa ma ya haɗa baki da dillali a ɗora wani abu a kai. Mai ido yana kwance a gadonsa cikin dare ya duba gida 30, ya kwatanta farashi, ya zaɓi uku, ba wanda ya sani. Ba wanda ya ce makaho zai biya kuɗi bai aika an taka filin ba. Abin da ake nema masa shi ne wannan zagayen na farko, na tankaɗe da rairaya, ya yi shi da kansa. Idan mace ce, bazawara ko marainiya da ke son juya gadonta ba tare da baffanni sun sa mata ido ba, abin ya ninka.

Hujjar talauci kuwa tana cin kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, kusan kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, na rayuwa da wata lalura mai tasiri. A cikin wannan taro ba mabarata kaɗai ba ne. Akwai malamai da lauyoyi da ma'aikata, akwai waɗanda suka fito daga makarantar makafi ta Gindiri wadda ke aiki tun shekarun 1950, akwai waɗanda shan inna ta kama suna yara, yau suna ƙera kekuna a Kano suna ɗaukar wasu aiki. Sannan mu tambayi kanmu: su wa suka mallaki gidaje da filaye a Azare da Misau da Potiskum? Ba samari ba ne. Dattawa ne, waɗanda ciwon suga da hawan jinin ido da tsufa suka rage wa gani, masu riƙe waya nesa da fuska suna kiran jika ya karanta musu. Babu ɗayansu da zai yarda a kira shi nakasasshe, amma ƙananan haruffa masu launin toka a kan farin bango sun kore shi daga kasuwar kamar yadda suka kori makaho. Dillalin da ke cewa ba shi da kwastoma mai lalura, bai duba waɗanda suka fi kowa kuɗi a littafinsa ba.

A nan zan ɗan ratse. Kalmar "nakasasshe" da yawa ba sa sonta, shi ya sa "masu buƙata ta musamman" ta bazu a rediyo. Ina amfani da makaho da kurma da gurgu a wannan rubutu domin buƙatun sun bambanta, kuma tattara su a kalma ɗaya na daga cikin abin da ke ɓata tsari. Hausawa sun daɗe da sanin haka, shi ya sa masarautu ke naɗa Sarkin Makafi daban, Sarkin Guragu daban, Sarkin Kutare daban.

Bambancin ya fi fitowa fili idan aka zo kan kurame. Wani zai ce, to, ai magani na hannunmu: mu mutanen saƙon murya ne, dillali ya riƙa tura bayanin gida da baki a WhatsApp, shi ke nan makaho ya huta. Gaskiya ne, kuma ya kamata a yi. Amma wannan saƙon muryar, ga kurma, daidai yake da hoto tsura ga makaho. Bidiyon da dillali ke ta zuba a cikinsa ba rubutu a ƙasa, da tallan da ke ƙarewa da "a kira wannan lamba", sun rufe masa ƙofa. Shi rubutu yake so, da damar ya tura saƙo a amsa masa a rubuce, ba a biyo shi da kira ba. Hausawa na da maganar hannu tasu ta gado, amma ba kowane dillali ya iya ba. Rubutu shi ne gadar da ta haɗa kowa: kurma ya karanta da ido, waya ta karanta wa makaho da murya. Kuma rubutu ba ya cin data. Wanda ke ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, bidiyon minti uku na iya cinye masa rabin yini, layi biyar na rubutu kuwa nan take suke sauka. Gyaran da aka yi don makaho, lafiyayyen ɗan Dagauda ne zai fara cin moriyarsa.

Inda masu adawa suka fi ni gaskiya shi ne harshe. Waɗannan manhajoji an gina su ne da Turanci da manyan harsunan duniya a gaba. Idan muryar Turanci ta ci karo da rubutun Hausa, sai ta dagula shi, ɗ da ƙ da ɓ su zama abin dariya, balle ta san bambancin gora na ruwa da gora ta sanda. Abin na motsawa: a 2024 Google ya sanar da ƙara Hausa cikin harsunan da ake iya yi wa waya magana da su ta rubuta. Amma makahon da bai yi boko ba, shafi ko ya cika kowace ƙa'ida ta W3C, idan da Turanci aka rubuta shi, an yi ba a yi ba. Wannan ba dalilin fasa gyara ba ne, dalili ne na cewa kwafo ƙa'idar waje kaɗai bai isa ba. Tallan da ya dace da mu sai ya haɗa uku: rubutu, da murya da Hausa, da hoto.

Shi kuma gurgu, nasa ƙorafin daban ne gaba ɗaya. Yana ganin shafin, yana dannawa lafiya lau. Abin da yake nema ne babu. Talla zai gaya maka akwai tayil, akwai silin, akwai rijiyar burtsatse, ciki da falo da banɗaki. Ba zai gaya maka akwai lambatu buɗaɗɗe a ƙofar gida wanda aka gitta wa katako ɗaya ba, ko dokin ƙofa mai tsayin taƙi, ko zaure mai kwana biyu da keke ba ya iya juyawa a ciki, ko lungu mai yashin da ke cafke taya, ko masai na tsuguno a can ƙuryar gida. A Amurka ƙa'ida ta ce faɗin ƙofa kada ya gaza inci 32, gangaren hawa kuma duk tashin ƙafa 1 a ba shi tsawon ƙafa 12. Keken guragu mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, irin wanda aka fi gani a titunanmu, ya fi na asibiti tsawo, don haka ya fi buƙatar fili. Mutum ya biya kuɗin a-daidaita-sahu, ya biya dillali kuɗin kai shi ganin gida, ya isa ya tarar ko ƙofar waje ba zai iya shiga ba. Ya sake gobe, ya sake jibi. Duk wannan asara, layi biyu a talla sun isa su hana ta.

Masu gidaje za su ce, idan muka rubuta gaskiya, ai mun tallata aibin gidanmu. Haka ne, kuma a nan muhawarar ta fi zafi, domin talla mai gaskiya zai tona abin da kowa ya sani ake kau da kai: gidajen haya da gurgu zai iya shiga ba a ɗauke shi ba kaɗan ne ƙwarai. Shafi ba ya rushe matakala. Masu cewa a fara da siminti suna da gaskiya ta wannan fuska. Amma ban ga dalilin da zai sa ɗaya ya jira ɗaya ba. Magini daban, mai tsara shafi daban, aljihun da ke biyansu ma daban. Ƙari a kan haka, matakalar da aka riga aka zuba, fasa ta sai da guduma da kuɗi, shi ya sa wa'adin shekara 5 ya wuce ba a yi ba. Kasuwar gidaje ta intanet a Arewa kuwa yanzu ake haƙa harsashinta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To, wa za a tilasta wa? A nan nake rabuwa da ɓangarorin biyu. Gwamnati ba ta da uzuri. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta bar wa ƙananan hukumomi ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara. Yanzu jihohi na mai da rajistar filaye cikin kwamfuta: Abuja da AGIS, Kaduna da KADGIS, Kano da KANGIS, Bauchi da BAGIS. Dillali idan bai yi maka ba, ka koma wurin wani. Takardar shaidar mallaka kuwa ƙofarta ɗaya ce. Ranar da neman ta ya koma ta shafi kaɗai, idan fom ɗin hoton takarda ne da aka ɗora, ko sai ka gane wasu karkatattun haruffa kafin ka wuce, to hukuma da kanta ta hana ɗan ƙasa kare filinsa. Dokar 2019 ta fi yin bayani dalla-dalla a kan gine-gine da sufuri da ilimi da aikin yi, lauyoyi na iya ja-in-ja a kan ko ta kama shafin kamfani. Amma Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu lalura a 2010, sashe na 9 nata kuma ya ambaci intanet ƙarara. Akwai hukumar ƙasa ta masu buƙata ta musamman da aka kafa a 2020, jihar Bauchi ma na da tata. Abin da ya rage shi ne a sa sharaɗin a cikin takardar kwangila, kada a biya ɗan kwangilar shafi sai an zaunar da makaho da kurma sun gwada cike fom daga farko zuwa ƙarshe. Manyan kamfanonin talla ma haka, suna da injiniyoyi, ƙara gurbin "matakala nawa" kusa da gurbin "ɗaki nawa" ba zai karya su ba. Tarayyar Turai ta fara aiki da irin wannan doka a kan kasuwancin intanet a watan Yunin 2025, ta kuma sassauta wa ƙananan 'yan kasuwa. Wannan rabon ya yi mini daidai.

Shi kuwa ƙaramin dillali mai waya ɗaya da babur, tara ba za ta gyara shi ba, za ta dai ƙara wa wani jami'i hanyar cefane. Shi al'ada ce ke juya shi. Dillalai na da shugabanninsu, makafi da guragu da kurame na da sarakunansu da ƙungiyoyinsu, kuma duka ɓangarorin suna gaisuwa a fada ɗaya. Zama guda a zauren hakimi ya isa a amince cewa duk tallan gida zai zo da bayani kamar haka: ɗaki biyu da falo, ƙasa ne ba bene ba, matakala biyu a ƙofar waje, kwata a rufe, banɗaki na zama a cikin ɗaki, mota na isa har ƙofa, kuɗin haya kaza a shekara, ana iya kira ana iya turo saƙo. A rubuta shi a ƙasan hoto, ba a cikinsa ba, sannan a maimaita da murya. Ba ya buƙatar injiniya. Tef ɗin awo irin na tela da minti biyar sun wadatar.

Wanda ke son ya gwada nisan tafiyar, ya samu dillalin da ya fi sabawa da shi, ya zaɓi gidan da ya nuna wa mutane sau goma, ya tambaye shi: "Malam, matakala nawa ce a ƙofar gidan nan?" Zai gaya maka kuɗin haya har da na la'ada ba tare da ya numfasa ba, zai gaya maka sunan mai gidan da na wanda ya tashi. A kan matakala kuwa sai ya yi jim, ya ce bari ya je ya dubo.